Faifai Biyu Na Hajiya Rabi Mai Hoto

Ku da kuke zama bisa bencin ƙofar shagona kuna jiran cajin waya, na ji abin da ɗayanku ya faɗa ran kasuwa. Wai gyaran kwamfuta ba sana'a ba ce, duk wanda ya kalli bidiyo biyu a waya ya iya. Ban tanka ba, don hannuna yana cikin injin mutane. Yau za ni tanka, kuma a rubuce, don kada wani ya katse ni.

Sunana Ummaru. Nan Isa anka haife ni, gidan manoma gero da dawa. Da rediyo na fara, wurin Malam Bawa, wanda rumfarshi take bakin kasuwa kusa da masu sayar da igiya. Kayan aikinshi duka akwatin katako ɗaya ya ɗauke su: ƙarfen liƙi da ake ɗumamawa bisa gawayi, dalma, sukundireba, da wata mita mai allura wadda sai an ƙwanƙwashe ta da yatsa take motsi. Na daɗe a rumfar nan ban taɓa rediyon kowa ba. Aikina hura wuta da warware tsoffin wayoyi. Ran da ya fara miƙo mani ƙarfen liƙi, matacciyar rediyo ya ba ni, ya ce in cire kowane ɗan abu da ke cikinta in mayar da shi, ba tare da dalmar wannan ta taɓa ta wancan ba. Na cire, na mayar, ya duba, ya ce in sake. Wannan yatsan nawa na hagu da kuke gani ba ya lanƙwasa sosai, a rumfar nan ya ƙone.

Da kwamfuta ta fara shigowa ofisoshi, na tafi Sakkwato na zauna ƙarƙashin wani Bayarabe da kowa ke kira Oga. Mutum ne mai faɗa, amma ya san aiki. Wata rana wani malamin makaranta ya kawo injinshi, na yi wuf na ɗauko sukundireba. Oga ya buge mani hannu a gaban mutumin.

"Ka tambaye shi abin da ke ciki?"

Na ce, "Oga, ai ba ya tashi ne."

"Ban tambaye ka ciwonshi ba. Injin da ya ƙone ana sayen wani a kasuwa. Abin da ke cikinshi fa, wace kasuwa ake sayar da shi?"

Ashe sakamakon jarrabawar ɗalibai ne a ciki, kuma babu shi ko'ina sai nan. Sai da munka kwashe shi tsaf kafin munka taɓa komai. Wannan ita ce sana'ar. Kunce sukurori kowa ya iya.

Na dawo gida na buɗe wanga shago. Masu kawo mani aiki kun san su: malamai, ma'aikatan ƙaramar hukuma, da 'yan kasuwa masu ƙetarawa Nijar, waɗanda ke sayo injuna masu haruffan Faransanci, mutum ya danna wannan harafi wani ya fito, ya zo yana rantsuwa an yi mishi asiri. Na ga injin da gara ta yi gida a ciki. Na ga wanda yaro ya ɗura wa kunu. Duk waɗannan ba su ɓata mani rai, don rashin sani ne, kuma rashin sani na mai kaya ba laifi ba ne. Abin da ke tafasa mani zuciya shi ne wanda ya karɓi injin mutum, ya ce ya iya, alhali bai damu ya iya ba. Aiki guda za ni ba ku labarinshi, ku auna da kanku.

Hajiya Rabi mai hoto, manyanku sun san ta. Ita ke shiga cikin gidaje ran suna da ran biki ta ɗauki mata, inda namiji ba ya shiga da kyamara. Daga cikin gari har Kamarawa, har ƙauyukan wajen Turba, babu gidan da ba ta taka ba. Mazaje sun yarda da ita saboda abu ɗaya: ba a taɓa jin hoton matar wani ya fita daga hannunta ya shiga wayar wani ba. A ɗakinta take aikinta, da kwamfutar tebur, ta yanke bidiyo, ta haɗa, ta zuba wa masu biki a faifai ko a memori, ta ajiye nata kwafi.

Kwamfutar nan ba wurina ta saye ta ba. A Sabon Birni ta saya, wurin Alhaji Ila, sa'ana ne, tare munka yi makarantar allo. Ila ɗan kasuwa ne, yau taki, gobe babura, jibi kwamfutoci. Ta ce mishi tana son inji mai sauri, don tsohon nata yana wahalshe ta wurin haɗa bidiyo. Ya sa mata faifan ajiya guda biyu, ya gama su sunka zama ɗaya, irin gamin da 'yan sana'a ke kira red-ziro.

Ku tsaya in yi muku bayaninshi, don a nan maganar take. Idan anka gama faifai biyu hakanan, duk abin da ka ajiye, inji yana yayyanka shi ƙanana, ya jefa yanki na farko a faifan nan, na biyu a wancan, na uku ya dawo nan, haka har ƙarshe. Hannu biyu ke aiki a lokaci guda, shi ya sa yake sauri. Amma babu hoto ɗaya da ke zaune cikakke bisa faifai ɗaya. Kamar ka yage littafi ne, warƙa ɗaya a jakar dama, mai bi mata a jakar hagu. Jaka ɗaya ta ɓace, abin da ya rage maka ba rabin littafi ba ne, takardun ƙunshe ƙosai ne. Gamin ba haramun ba ne. Yana da amfani ga mai son sauri, muddin yana da kwafin kayanshi a wani wuri dabam, kuma an gaya mishi gaskiya.

Ila bai gaya mata ba. Abin da ya yi ya fi haka muni. Bayan ya gama faifan, sai ya raba sararin gida biyu, ɗaya Si, ɗaya Di, ya nuna mata a fuskar inji ya ce, "Hajiya, kin gani, faifanki biyu. A Si za ki yi aiki, in kin ƙare ki zuba a Di. Ko ɗaya ya mutu, ɗayan na nan." Alhali rabon nan zana ce kawai anka kafa a tsakiyar ɗaki. Rufin ɗaya ne. Si tana bisa faifan biyu, Di ma tana bisa faifan biyu. Matar nan ta yi shekaru, duk aikin da ta gama sai ta zauna ta kwafe shi zuwa Di, ta yi hamdala, ta kashe inji, tana ganin ta ɗaure kayanta.

Sai muguwar shekara ta zo. Ba sai na tsawaita ba, da yawanku a shekarar nan kunka shigo gari bisa amalanke. Mutanen ƙauyuka sunka watso cikin Isa suna gudun 'yan bindiga, makarantu sunka cika da tabarmi. Anka yanke layin waya, anka hana sayar da mai a jarka, kasuwannin ƙauye sunka mutu. Biki ya ɗauke, aikin ofis ya ɗauke. Ni kaina da cajin tocila da gyaran fitilun sola nike ciyar da gida. A cikin haka ne wani aiki ya samu Hajiya Rabi wanda ba ta taɓa zaton shi ba. Mutanen da sunka baro gidajensu da kayan jikinsu kaɗai sunka fara sallama a ƙofarta, suna tambaya ko tana da hoton wance, ko hoton wane ya faɗo a bidiyon bikin wance. Wasu an kashe su, wasu ciwo ya ɗauke su a hanya. Ita kuwa ba ta karɓar ko sisi, ta kunna inji ta nemo musu.

Wuta daga janaretan maƙwabci take ja. Wata rana anka zuba mishi gurɓataccen mai, ya yi wani irin gurnani, wuta ta hauhawa, ƙwan ɗakinta ya fashe, injin ya yi wari. Ta ce ko a jikinta, tunda akwai Di. Mijinta, Malam Garba tela, ya naɗe injin da bargo, ya bi ayarin motoci ya kai wa Ila. Ila ya riƙe shi, ya dawo da shi yana cewa faifai ɗaya ya mutu, ya gwada ɗora sabon tsari bisa mai ran, abin ya ƙi, su yi haƙuri. Sannan ne sunka zo wurina.

Da hantsi sunka zo, ita da Malam Garba, da wata tsohuwa riƙe da hannun 'yar yarinya wadda ba ta isa shiga makaranta ba. Na shimfiɗa musu tabarma. Na buɗe injin, na ga faifai biyu iri ɗaya, wayoyinsu gefe da gefe, na gane gama su anka yi. Na juya ɗayan, allon da ke bayanshi ya yi baƙi a kusurwa.

Hajiya ta ce, "Malam Ummaru, ni ban damu da Si ba. Di kawai za ka fiddo mani."

Na ce, "Hajiya, wane ne Di cikin waɗannan biyun?"

"Ai kai za ka sani."

Na yi mata bayanin da na yi muku. Ta saurara har na ƙare. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta dubi mijinta ta ce, "Ke nan duk zaman da nike yi ina kwafewa, daga hannun dama nike zubawa a hannun dama?"

Na ce, "Haka ne, Hajiya."

Tsohuwar ba ta gane komai cikin zancenmu ba, amma ta gane fuskokinmu. Sunanta Inna Tumba, daga wani ƙauye ta wajen Turba. Ɗiyarta Hassi ta rasu a hanyar gudu, da tsohon ciki. Yarinyar da ke hannunta ita ce 'yar farin Hassi, kuma Hajiya Rabi ce ta ɗauki bidiyon ran sunanta.

Ta ce mani, "Ɗana, ni ban san abin ga da kuke faɗi ba. Yarinyar ga kullum tana tambayata kamannin uwarta. Na ce mata doguwa ta, ta ce kamar wa? Na rasa wadda za ni nuna mata. An ce mani tana cikin akwatin ga. In tana ciki, ka fiddo ta."

Na ce, "Inna, ban yi miki alkawari ba, amma za ni gwada."

Washegari na shiga mota zuwa Sabon Birni, a hanyar da kowa ke shiga da salati a bakinshi. Abu biyu nike so Ila ya gaya mani: wane faifai ya sa a gaba, kuma wane girma ya zaɓa wa yankan. In na san su, rabin wahala ta ƙare. Na same shi a ƙofar shago yana shan shayi.

"Ila, injin Hajiya Rabi, da ka gama faifan, wane girma ka sa?"

"Wane girma kuma? Abin da ya fito na danna."

"Da anka dawo maka da shi fa, mi ka yi?"

"Na shiga na warware gamin, tunda ɗaya ya mutu. Na ce bari in ɗora mata sabon tsari bisa mai ran, ta samu na aiki. Ya kai rabi ya tsaya."

Ku gane abin da ya yi: bayanin yadda anka gama faifan, wanda injin ke riƙe da shi, ya goge. Sannan ya hau bisa lafiyayyen faifan, wanda rabin kowane hoto ke kai, ya fara rubutu.

Na ce, "Ka tambaye ta abin da ke ciki?"

"Hotunan biki ne fa, Ummaru. Mata da ɗinkunansu. An ci, an sha, an watse."

"Kai ka ce mata Di faifai ne dabam?"

"Haka nike gaya wa kowa, don su gane da sauƙi. In na tsaya dogon bayani, wa zai sayi kaya? Ƙaddara ta, Allah ya kawo."

Na ce, "Wutar da ta hauhawa ƙaddara ce. Ƙaryar da ka yi mata, kai ka yi ta da bakinka. Kada ka jingina wa Allah."

Mutane sunka fara taruwa. Ya ce in sha shayi, na ce na ƙoshi. Har na juya ya kira ni, wai in ta yarda yana da wani inji mai sauri, zai yi mata ragi. Ban waiwaya ba, don in na waiwaya za a ji kanmu har tasha.

Na dawo na fuskanci mataccen faifan. Na kara shi a kunne na ba shi wuta, shiru, ba ya juyi, ba ya ƙwanƙwasa. Wannan shirun alheri ne, yana nufin mai yiwuwa cikin lafiya lau, allon baya ne kawai ya ƙone. Amma ba kowane allo ake ɗaura wa faifai ba. Sai mai lamba iri ɗaya. Kuma ko an samu, akwai wani ɗan ai-si mai ƙafa takwas, bai kai ƙwayar wake ba, wanda ke riƙe da sirrin wannan faifan shi kaɗai a duniya. Dole a ɗauke shi daga ƙonannen allo a dasa bisa sabon. In ya fashe wurin cirewa, magana ta ƙare. Na jira rana ta take, batirin sola ya cika, na rufe shago, na kori kowa daga benci. Na cire ai-sin, na naɗe a auduga, na jefa cikin kwalbar turare na toshe.

Saura allo. Babu layin waya balle in tura hoto Sakkwato ko Kano. Akwai wani ɗan kasuwa, Alhaji Mamman, mai kai albasa Maraɗi ya dawo da atamfa da sabulu. Na ba shi ƙonannen allon na ce ya zaga wurin masu tsoffin injuna, ya nemo faifan da allonshi ya yi daidai da wannan, lamba da lamba, kada ya yarda da "kusan ɗaya ne". Tafiyar farko ya dawo hannu wofi. Ta biyu hanya ta rufe, ya kwana biyu a can. Duk ran kasuwa Inna Tumba sai ta biyo ta ƙofar shago, ba ta tambayata komai, ta gaishe ni da aiki ta wuce. Gaisuwar nan ta fi tambaya nauyi. A tafiya ta uku Alhaji Mamman ya ajiye mani wani tsohon faifai a tebur, ya ce, "Wani yaro a kasuwar can ya zazzage buhu guda kafin munka same shi. In bai yi ba, kada ka sake aikena." Ya ƙi karɓar ladan hanya.

Na dasa ai-sin, na ɗaura allon, na yi bisimilla na ba shi wuta. Ya ɗauki juyi, siririyar ƙara mai daɗi. A nan ne ɗan koyo zai yi kabbara ya mayar da faifai cikin inji ya kunna. Kada ku taɓa. Faifan da ya sha wuta ba a san yawan numfashin da ya rage mishi ba. Na kwashe shi ɗungurungum zuwa wani faifai nawa, na kwashe ɗan'uwanshi ma, na ajiye na asalin a akwati ban ƙara taɓa su ba sai da aiki ya ƙare. Kwashewar ta ci kwanaki, don sai da rana nike da wuta, kuma akwai wuraren da faifan ya ji rauni, in ya iso nan sai ya yi ta tuntuɓe, in tsallake in dawo daga baya. Wasu wuraren sun karantu, wasu har abada.

Saura gano yadda Ila ya gama su, abin da shi kanshi bai sani ba. Hanyar ita ce gwaji: ka sa wannan faifai a gaba, ka zaɓi girman yanka, ka buɗe babban hoto ka gani. In ya fito lafiya, ka dace. Na gaya wa Hajiya haka, ta girgiza kai.

"Malam Ummaru, ba don ban yarda da kai ba. Matan mutane ne a ciki, wasu ba lulluɓi, wasu suna rawa. Na yi wa mazansu alkawari, na yi musu su ma. Ko sun mutu, alkawarin bai mutu ba."

Na ce, "To, Hajiya, ke za ki zama idona."

A zauren gidansu munka yi aikin. Malam Garba ya jawo kekenshi gefe yana ɗinki. Ni ina gaban inji, in shirya lambobi, in ɗora yatsa bisa maɓalli, in juya fuskata ga bango, in danna. Ita tana tsaye bayana ta duba.

"Babu komai, toka ce."

Ta rufe, in juyo, in sauya.

"Goshi ya fito da ɗankwali. Daga ido zuwa ƙasa kore ne shar."

In sake.

"Yanzu kan yana nan, amma kafaɗar ta zame gefe, kamar an yanka da almakashi."

Malam Garba ya ce, "Wanga aiki naku ya fi ɗinkin babbar riga wuya." Wuyana ya ƙage saboda juyi. Can bayan la'asar na danna, na ji shiru. Na ce, "Hajiya?" Ta ce, "Amarya ce, 'yar Kamarawa. Har zanen lallen hannunta ina gani." Keken Malam Garba ya tsaya.

Ba duka anka samu ba, kuma ba za ni yi muku ƙarya ba. Si ta tafi. Rubutun da Ila ya fara ya faɗa a kanta, ya cinye ayyukan da ba ta riga ta kwafe ba, ciki har da bikin ƙarshe da ta ɗauka a wani ƙauye da yanzu babu kowa a cikinshi. Wuta ba ta taɓa waɗannan ba, hannun mutum ya kashe su. Amfanin rabon nan ɗaya ke nan da na gani: Di tana can nesa, rubutun bai kai gare ta ba kafin ya tsaya. Mafi yawanta ta dawo, sai inda raunin faifan ya ci. Na sa Malam Garba ya sayo faifai biyu na waje, na zuba mata komai a kowanne, na ce ɗaya ya kwana a ɗakinta, ɗaya a gidan 'yar'uwarta. Na raba faifan injin, kowanne ya tsaya da ƙafarshi. Ta ce saurin fa? Na ce ta sha shayi kafin ya gama.

Da safe anka aika wa Inna Tumba. Ta zo da yarinyar, an yi mata wanka an shafa mata kwalli. Anka shiga da injin ciki, ni da Malam Garba munka zauna a zaure, don in wani abu ya tsaya in faɗa musu abin da za su danna. Bidiyon sunan yana cikin waɗanda raunin ya taɓa. Hajiya ta faɗa mani daga baya cewa hoton yana tafiya ya daskare, ya tarwatse, ya dawo. Amma sautin muna jin shi ta katanga: guɗa, ƙarar turmi, hayaniyar mata, kukan jariri. Sai wata murya ta yarinya matashiya, tana dariya.

"Hajiya, don Allah daina ɗaukata, ban ɗaura kallabi ba!"

Sai munka ji muryar Inna Tumba, ba da kuka ba, da irin muryar da uwa ke yi wa ɗiyarta faɗa a tsakar gida.

"Ke dai Hassi, yaushe kika taɓa ɗaura shi daidai?"

Yarinyar ta ce, "Inna, ita ce?"

"Ita ce. Matso ki gani. Rabi, mayar mata baya."

Malam Garba ya sunkuyar da kai bisa kekenshi, ya daɗe yana neman ramin allura. Ni kuwa na tattara sukundirebobina na zuba a jaka. Har na kai bakin titi ina jin dariyar nan ta katanga, ana mayar da ita baya.